Injin Beljiyam ko na Motar da Ta Yi Hatsari: Wanne Zan Saya?

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Zariya, ina da Toyota Corolla ƙirar 2005 'yar Amurka. Da ita nake kai yara makaranta, ranakun Asabar da Lahadi kuma nakan ɗauki fasinja zuwa Kaduna domin in cike giɓin albashi. Kwanakin baya ta yi zafi a kan hanya, na lallaɓa da ita har gida, washegari bakanikena ya duba ya ce injin ya buga, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Ya ba ni zaɓi uku: a buɗe injin a sa masa ringi da metal, ko a sayo injin Beljiyam daga Kano, ko kuma a ciro injin wata Corolla da ta yi hatsari, wadda ke ajiye a wani fili da ake yanka motoci a Kaduna, kuɗinsa ya ɗan haura rabin na Beljiyam kawai. Shi ya fi son na Beljiyam, kuma ya ce in ba shi kuɗin ya je shi kaɗai ya sayo. Kuɗin nan adashin maiɗakina ne ta ɗauka ta miƙa mini. Bakaniken kuma unguwarmu ɗaya, masallacinmu ɗaya, ina jin nauyin in nuna masa rashin yarda. Yaya zan yi?

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya mayar da alheri, ya saka wa maiɗakinka da mafificin abin da ta yi.

Shawarata ita ce ka ajiye maganar buɗe tsohon injin, ka fara zuwa Kaduna da ƙafarka ka ga motar da ta yi hatsarin kafin ka yi tunanin Kano, kuma duk inda cinikin ya faɗa, kada a biya ko sisi ba ka tsaye a wurin. Na san mutane da yawa za su ce maka injin da aka ciro daga motar da ta yi aiki a kan titunanmu bai kai na waje ba, kuma sau da yawa gaskiyarsu ne. Amma wannan injin na Kaduna yana da abin da na Beljiyam ba shi da shi: har yanzu yana cikin motarsa, ana iya tayar da shi ka ji kukansa, ka karanta nisan da ya yi, ka ga abin da ya kawo shi filin. Injin da ke zaune a ƙasan shago kuwa, duk tarihinsa a bakin mai sayarwa yake.

Game da gyaran tsohon injin, ba zan ja magana ba. Injin motarka shi ne wanda Toyota ta sa wa lamba 1ZZ-FE, mai lita 1.8, kuma gangar jikinsa da kansa duk na alminiyam ne. Idan irin wannan inji ya yi zafi har gasket ya ƙone, aka kuma ci gaba da tafiya da shi kamar yadda ka yi, kan injin yakan lanƙwashe, wani lokaci har da fuskar bulok ɗin, wato gangar jikin injin, sannan ruwan da ya gauraya da baƙin mai yakan cinye metal ya karce kuranshaf. Bangon silindarsa siriri ne, ba a yi shi don a riƙa faɗaɗa shi ana sa fistin mai girma ba. Kafin a biya kuɗin fiƙe kan inji, da na gyaran kuranshaf, da ringi da metal da gasket waɗanda na jabu suka yi yawa a kasuwa, za ka ga kuɗin ya kusa kamo na injin Kaduna, kuma babu wanda zai ba ka tabbacin wata uku a kansa.

Injin da ake kira na Beljiyam ya samo sunan ne tun lokacin da tsofaffin motoci da kayansu suke tasowa daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp da ke ƙasar Beljiyam zuwa Kwatano da Legas. A yau kayan suna fitowa daga Amurka da Turai da Japan, wasu suna biyowa ta Sharjah a Daular Larabawa, su sauka Legas, su watsu zuwa Ladipo, da Nnewi, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja. A cikinsu akwai masu kyau ƙwarai, domin a can ana jefar da mota saboda hatsari ko tsatsa ko tsadar gyara alhali injinta lafiya lau. Sai dai tun da aka saki Naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, duk abin da ake shigowa da shi da dala ya yi tashin gwauron zabi, tazarar da ke tsakanin injin waje da injin gida ta faɗaɗa, kuma wannan tazarar ce take jan wasu su wanke injin da ya gaji a nan, su goge shi, su jera shi tare da na kwantena. Akwai kuma injinan motocin da ambaliya ta shanye a waje, aka yi gwanjonsu a matsayin waɗanda suka tashi aiki. Saboda haka kalmar da mai shago zai faɗa maka ba ta isa hujja ba, har sai an gwada.

Idan ka tashi zuwa Kaduna, ka je da sassafe, kuma ka gaya wa masu filin tun ana gobe za ka je cewa kada kowa ya tayar da motar kafin ka iso. Da isarka ka ɗora hannu a kan injin ka tabbatar da sanyi yake, domin inji mai rauni yana ɓoye aibinsa idan ya ɗumama, da sanyin safiya ne yake tona kansa. Kafin a murza makulli, ka zagaya motar ka ga inda ta bugu. Idan ta baya aka dake ta ko ta gefe, wannan shi ne abin da ake nema, domin mota ce da take tafiya da ƙafarta har zuwa lokacin da ƙaddara ta same ta. Idan ta gaba ce, sai a duba da fitila ko bulok ya tsage a wuraren da ake ɗaure shi, ko fulin gaban kuranshaf ya karkace, ko murfin sarkar tayimin ya fashe, a kuma tambaya ko injin ya ci gaba da aiki bayan lagireto ya fashe. Idan motar ta wuntsula ce, a yi hattara sosai, saboda injin da ya ci gaba da juyawa ƙafafu a sama yakan rasa mai na ɗan lokaci, kuma ɗan lokacin nan ya isa ya raunata metal. Abin da ya fi ba ni tsoro a irin wannan fili shi ne motar da jikinta sumul, babu inda ta bugu. Sai ka tambayi kanka me ya kawo ta wurin masu yanka, kuma amsar ba ta wuce uku: ko injin ne ya kashe ta, ko ruwa ya shanye ta, ko ba ta halal ba ce. Ka ɗaga kafet ɗin ƙasa, ka leƙa ƙarƙashin kujeru da bayan dashbod, idan ka ga busasshen laka ko tsatsa a ƙarfen kujera, ruwa ya taɓa kwana a ciki.

Daga nan a zaro sandar awon mai. Baƙin mai da ya yi duhu ba laifi ba ne, amma idan ya koma launin shayi mai madara, ruwa ya shiga, ka yi musu sallama ka juya. Idan kuma ka tarar da sabon mai garau a motar da ta yi watanni a ajiye, ka tambayi dalilin da ya sa aka canza shi. A buɗe murfin da ake zuba mai a haska ciki da fitilar waya; ƙarfe mai launin zuma ko ruwan ƙasa alama ce ta mai motar yana juye mai a kan lokaci, baƙin dasƙararren datti kuwa shaida ce ta sakaci. Tun injin yana da sanyi a cire murfin lagireto, a cika shi da ruwa, sannan a tayar. Fitilar mai da ke dashbod ya kamata ta mutu cikin daƙiƙa biyu ko uku. Ka kasa kunne: 'yar ƙara ta ɗan lokaci a farkon tashi tana iya faruwa ga motar da ta daɗe a ajiye, amma ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji wadda take ƙaruwa idan an taka totur, irin ciwon da ya kashe naka ne. Ka sa wani ya tsaya a bayan salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi mai ne yake ƙonewa, farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya ɗumama ruwa ne, baƙi kuwa yawanci matsalar fetur ce, ita ce mafi sauƙin gyara a cikinsu. Ka dubi bakin lagireto, idan kumfa yana ta tasowa ba ƙaƙƙautawa, gasket ya fara tafiya. A mayar da murfin, a bar injin ya yi aiki har fanka ta tashi ta mutu da kanta aƙalla sau biyu, kuma kada kowa ya sake taɓa murfin lagireto da zarar ya yi zafi.

Akwai awo guda da nake so ka nace a kansa ko da za ka biya kuɗinsa daban, wato awon matsin silinda. Na'urar ƙarama ce, ana cire fulogai huɗun a ɗaura ta a ramin kowanne, a murza inji. A wannan injin, silindar da ta gaza 145 a ma'aunin psi ta gaji, kuma bai kamata bambancin da ke tsakanin silinda da 'yar'uwarta ya wuce 15 ba. Kanikawa da yawa da kunne suke aiki, kuma a cikinsu akwai masu kunnen da ya cancanci girmamawa, amma lamba ce kaɗai za ka iya rubutawa a takarda ka nuna wa wani gobe. Tunda an riga an cire fulogan, ka jera su ka duba: huɗun su kasance kala ɗaya, a bushe. Wanda ya jiƙe da mai, ko wanda ya fita daban da fari tas kamar an wanke shi, yana nuna silindar da ke da matsala. Ka kuma karanta mitar nisan tafiya, kana tune da cewa motar Amurka da mil take lissafi, mil ɗaya kuwa ya ɗan haura kilomita ɗaya da rabi.

Ko injin ya ci duk wannan jarrabawa, sauran tambaya mai nauyi: motar wa ce? Ka nemi ganin takardun motar, da takardar da mai ita ya sayar wa masu filin, ka gwada lambar shasi da lambar inji da abin da ke rubuce. Lambar injin tana jikin bulok kusa da inda yake haɗuwa da giya. Idan ka ga an goge wurin da dutsen wuta, ko lambobin sun karkace kamar an sake buga su da hannu, kada ka tsaya sauraren bayani. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar Penal Code, kuma ranar da aka bi sawu, a motarka za a tarar da injin, ba a filinsu ba. Mai sana'ar gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya, domin shi ma ya yi ta ga wanda ya kawo masa motar.

Idan na Kaduna bai yi ba, sai a nufi Kano, kuma a nan ne ake bukatar ido fiye da kunne. Abu na farko shi ne lamba. Toyota ta yi injina uku 'yan gida ɗaya da suka yi kama ƙwarai a ido: 1ZZ mai lita 1.8, da 3ZZ mai lita 1.6, da 4ZZ mai lita 1.4, na biyun ƙarshe sun fi yawa a Corolla 'yan Turai. Ƙaramin zai iya zama a mazaunin babban, amma ƙwaƙwalwar motarka, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, an tsara ta ne don 1.8, kuma ranar da ka ɗauki fasinja huɗu da kayansu za ka san an rage maka ƙarfi. Kada ka dogara da rubutun da ke kan murfin roba na sama, domin noti kaɗan ne ke riƙe da shi; ka karanta abin da aka buga a jikin ƙarfen bulok. Na biyu, Corolla 'yar Amurka ta 2003 da 2004 da waya totur ɗinta yake aiki, daga 2005 aka koma na lantarki. Idan injin da aka samu na tsohon tsari ne, ba a fasa ciniki don wannan, amma dole a mayar masa da totur da bututun shigar iska da wayoyin tsohon injinka, kada a yarda a yanka wayarin mota don a dace da inji. Na uku, injinan 1ZZ na farko-farko, waɗanda aka ƙera kafin wajen 2005, an san su da shan baƙin mai saboda yadda aka tsara fistin da ringinsu, saboda haka idan akwai zaɓi, ka nemi wanda ya fito daga motar 2006 zuwa 2008.

Injin da ke ƙasa ana gwada shi gwargwadon hali. A sa sifana a notin fulin gaba a juya kuranshaf da hannu zagaye biyu cikakku. Ya kamata ya juya da tauri-tauri a wurare huɗu, ba tare da ya cije ba. A cire murfin saman inji a gaban mai shago a ga cikinsa, a kuma kwance kaskon da mai yake taruwa a ƙasa, a shafa yatsa a gindinsa a fito da shi rana. Idan ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe, metal ya fara ci. Ka lura da kawunan notina: waɗanda sifana ta cinye gefensu, da jan gam da ya bulbulo ta bakin gasket, suna nuna an taɓa buɗe injin, kuma injin da aka buɗe aka rufe ba shi ne kake biyan kuɗin Beljiyam dominsa ba. Inji mai ƙura da ɗan maiƙo na shekaru ya fi kwantar mini da hankali a kan wanda aka wanke yana sheƙi, domin wanki yana share sawun duk inda mai yake yoyo. A leƙa ramukan shigar iska da na fitar hayaƙi, idan an bar su a buɗe damina ta wuce a kansu, za a ga tsatsa. Masu shaguna da yawa suna iya jona batir su tayar da inji a ƙasa, ka nemi a yi, amma ka san cewa tashin minti ɗaya babu ruwa babu lodi yana nuna injin yana da rai ne kawai, ba ya nuna ko yana shan mai ko yana zafi.

Wannan ne ya sa garanti ya fi rangwamen da za ka samu wajen tayi muhimmanci. Yawancin masu sayarwa kwanaki kaɗan suke bayarwa, kuma daga ranar da ka biya suke fara ƙirga, alhali kafin a kai injin Zariya a ɗora shi rabin kwanakin sun tafi. Ka nemi mako biyu, a fara lissafi daga ranar da motar ta tashi, ko da hakan zai sa ka ƙara wani abu a kan farashin. Shan mai ba ya bayyana a zagayen unguwa. Zariya zuwa Kaduna kusan kilomita 80 ne, sai ka yi sawu da dama da lodi kafin sandar awo ta faɗa maka gaskiya. A rubuta a rasit lambar injin, da sunan shago da lambarsa, da kwanakin garantin, da abin da zai faru idan injin bai yi ba: kuɗi za a mayar ko wani za a canza, kuma wa zai ɗauki kuɗin mota da ladan saukewa. Wannan na ƙarshe shi ne inda rigima ta fi tashi, domin mai shago zai ce ya canza maka inji, amma kai ne za ka biya bakanike sau biyu. Masu sayarwa sukan ɗiga fenti a kan notina don su gane ko an buɗe, kuma buɗewa tana kashe garanti, shi ya sa na ce duk abin da za a kwance a kwance shi a gabansu kafin a biya. Ka biya ta banki zuwa asusun da sunansa ya dace da na rasit, kuma ka tambayi inda ofishin ƙungiyar 'yan kasuwar yake, domin nan ne ake fara kai ƙara idan magana ta canza.

Sai maganar bakanikenka, wadda na lura ita ce ta fi damunka. Ban ga dalilin da zai sa in zarge shi ba, kuma son da yake yi wa na Beljiyam yana iya zama don ya sha ganin injinan gida suna ba shi kunya. Amma sanannen abu ne a wannan sana'a cewa bakaniken da ya kawo mai saye yana da kamasho a wurin mai shago, kuma kamashon inji mai tsada ya fi na mai araha. Wannan bai mayar da shi maha'inci ba, sai dai yana nufin idan ya tafi shi kaɗai, an ɗora masa jarrabawar da bai kamata maƙwabci ya ɗora wa maƙwabcinsa ba. Idan injin ya zo ya ƙi, za ka riƙa kallonsa a sahu kana zargi, shi kuma yana kauce maka, zumuncin da kake gudun ɓatawa ya ɓaci ta hanyar da ta fi muni. Ka same shi kai da shi, ka ce masa kuɗin nan amanar iyali ce, ka yi alkawarin za ka ga abin da aka saya da idonka, kana so ya raka ka domin kai ba ka san inji ba. Ka yanka masa ladan ranar a fili, mai kauri, ka ɗauki kuɗin motarsa da abincinsa, ka gaya masa ladan ɗora inji daban ne. Mutumin da aka biya shi a sarari ya fi sakin jiki ya taya ka neman ragi. Ka kuma tafi da mai wayarin, domin aikin yana bukatarsa ko ta yaya saboda maganar totur da ƙwaƙwalwar mota, ka ga ka samu ido na biyu ba tare da ka ce wa kowa ba ka yarda da shi ba. Idan aka zo rubuta rasit, su biyun su sa hannu a matsayin shaidu. Ayar bashi da ke ƙarshen Suratul Baƙara ta yi umarni a kafa shaida idan an yi ciniki, saboda haka babu wanda zai ce ka zo da baƙon abu. Idan bayan duk wannan ya dage sai dai ya tafi shi kaɗai, to ka nemi wani bakaniken don wannan aikin, ku ci gaba da gaisawa.

Akwai abin da ba ka ambata ba a wasiƙarka, kuma shi ne zai iya cinye adashin nan gaba ɗaya: me ya sa motar ta yi zafi tun farko? Inji ba ya zafi haka kawai. Ko lagireto ya toshe, ko tiyo ya tsage, ko famfon ruwa ya gaji, ko fanka ta daina tashi, ko murfin lagireto ya daina riƙe matsi. Duk waɗannan, ban da famfon ruwa, a jikin motar suke zama idan an sauke inji, suna jiran sabon. Kada ka kashe duk kuɗin a kan injin. Ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar don abin da ke kewaye da shi, kuma wannan wani dalili ne da ya sa na karkata ga na Kaduna idan ya ci jarrabawa. Lagireton da gaurayen mai da ruwa ya ratsa, a wanke shi sosai a gwada, idan da shakka a canza. A sa sabon famfon ruwa, da sababbin tiyo, da sabon fanbel, da fulogai. A canza sil ɗin bayan kuranshaf tun injin yana ƙasa, domin abu ne mai araha wanda idan ya fara yoyo daga baya sai an raba inji da giya. Kada ka yarda a cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya ɗau zafi, a jona fanka kai tsaye, al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu da sunan wai ƙasarmu da zafi. Tamostat ɗin wannan inji yana buɗewa ne a wajen digiri 82, kuma ƙwaƙwalwar mota tana auna fetur ne bisa wannan zafin. Idan aka cire shi injin yakan daɗe bai kai zafinsa ba, ya ƙara shan fetur, ya riƙa cin kansa a hankali. A zuba ruwan sanyaya inji na kanti, ba ruwan rijiya ko na burtsatse ba, wanda gishirinsa yake toshe lagireto ya ci alminiyam.

Ranar da aka ɗora injin, a zuba sabon mai irin wanda kamfanin ya rubuta, wato 5W-30, kusan lita huɗu, da sabuwar matatar mai, daga wurin da ka amince da shi. A jona na'urar kwamfuta a duba ko akwai lambar matsala, kada a rufe fitilar gargaɗi da baƙin tef. Cikin kwanakin garantin ka riƙa duba sandar mai da ruwa kowace safiya kafin ka tayar, a wuri mai daidai, ka ɗauki hoton sandar da wayarka don ya zama shaida, ka kuma shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar da dare ka ga ko wani abu yana ɗiga. Idan allurar zafi ta haura inda ta saba tsayawa, ka tsaya nan take ka kashe, kada ka sake lallaɓawa zuwa gida. Bayan kamar kilomita 1,000 a sake juye man, domin ya fito da dattin da injin ya tara lokacin da yake ajiye.

Tsohon injinka kuma naka ne, kada ya narke a gareji. Kada ka sayar da shi sai garantin ya ƙare, saboda za a iya bukatar wani sensa ko koyil ko nozul daga jikinsa; bayan nan masu sayen alminiyam da 'yan gwangwan za su ba ka wani abu a kansa, ko mai shagon ya karɓa ya rage maka kuɗi, kuma wannan kuɗin ya kamata ya fara komawa hannun maiɗakinka. Sannan ka ɗauki rasit ɗin ka je kotu ka yi takardar rantsuwa ta canjin inji, ka kai ofishin da ke sabunta takardun mota a gyara lambar, domin takardunka na yanzu suna ɗauke da lambar injin da ba ya cikin motar, kai kuma mai bin hanyar Kaduna ne kowane mako, inda ba a rasa masu tsayar da mota su nemi takardu.